Lemon 'Ya'yan Itace Na Gida: Abin Da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Kiyaye



Kusan duk ranar awo sai mun gaya maku ku riƙa cin kayan marmari da ganyaye, kuma da yawanku kuna jin shawara. A 'yan shekarun nan ma abin ya ƙara gaba, domin injin markaɗen gida da muke kira bilanda ya shiga cikin kayan ɗakin amare, mata sun koyi haɗa lemon kankana da abarba, da na karas da lemun zaƙi, ga kunun aya da dabino. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai akwai ragowar bayani da ba mu cika samun sukunin yi ba saboda tsawon layi, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi a wannan fitowa, yadda za ki karanta a natse a ɗakinki, ko a karanta maki.

Wata bazara aka kawo mana wata baiwar Allah daga Bungudu, cikinta wata 7. Ta kwana tana amai da gudawa, idanu sun faɗa, mara tana murɗa mata kamar naƙuda. Bayan mun sa mata ƙarin ruwa ta ɗan dawo hayyacinta, sai na zauna ina tambayarta abin da ta ci. Ta ce, "Malama, ni ban ci komi na waje ba. Kankana ce maigida ya kawo, da hannuna na yi lemon, shi munka sha." Da na ci gaba da bin diddigi, sai ga yadda abin yake: kankanar yankakkiya aka sayo ta a bakin titi, an ƙara mata ruwan randa da ba a tafasa ba, an fasa ƙanƙarar saye a ciki, kuma tun da hantsi aka haɗa, ba a shanye ba sai bayan la'asar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kwantar da mutum. Mijin yana tsaye a bakin gado duk jikinsa ya yi sanyi, don shi alheri ya nufa. Kwananta 4 a wurinmu, Allah ya taimaka ciwon marar ya lafa, cikin ya tsaya. Ba kowace ke samun wannan sa'ar ba.

Me ya bambanta lemo da miya?

Wuta. Tumatir da alayyahun da kika zuba a tukunya, ko da wankin bai yi kyau sosai ba, tafasa za ta kashe ƙwayoyin cutar da suka rage. Shi kuwa lemo ba ya ganin wuta. Duk abin da ke jikin ɓawo, ko hannunki, ko wuƙa, ko ruwa, kai tsaye cikinki zai tafi. Bugu da ƙari, markaɗe yana gauraya ƙazantar da take waje ɗaya ta bi lemon gaba ɗaya, sannan ta tarar da zaƙi da ɗumi, abubuwan da ƙwayoyin cuta suka fi so. A irin wannan yanayi wasunsu kan ninka yawansu duk bayan minti 20.

Mai ciki kuma ba daidai take da kowa ba. Garkuwar jikinta takan sauya saboda abin da take ɗauke da shi, gudawar da za ta ɗan wahalar da maigida kwana ɗaya, ita tana iya ƙarar mata da ruwan jiki har ta tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. Mu a nan ba baƙin kwalara ba ne. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Zamfara tana cikin jihohi huɗu da abin ya fi ƙamari. Ga taifod. Ga kuma ciwon hanta nau'in E, wanda shi ma ta gurɓataccen ruwa yake shiga, kuma ya fi tsananta a kan masu ciki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ya kama mace a watanni ukun ƙarshe, yana iya kashe 1 cikin 4 ko 5. An ga haka a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar a 2017, inda masu juna biyu suka fi yawa cikin waɗanda suka rasu.

Akwai wasu biyu da ba a cika jin sunansu ba, domin uwar takan ji ɗan zazzaɓi kawai ko ma ba ta ji komai ba, ɗan cikin ne ke ɗaukar wahalar. Ɗaya ana kiranta listeriya, tana kawo ɓari ko haihuwar ɗa ba rai. Ɗayar kuma toksoplasma, ana samunta a ƙasar da kyanwa ta yi kashi, tana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Duka biyun suna iya maƙalewa a jikin kayan lambun da ba a wanke ƙasarsu da kyau ba.

Tun daga kasuwa

Ki tuna doguwar hanyar da kayan nan suka biyo. Lemun zaƙi daga Binuwai, abarba da ayaba daga Kudu, an loda su a mota sun kwana a hanya, sun ratso Funtuwa da Tsafe kafin a juye su a ƙasa a Gusau. Karas da latas da kabeji da gurji kuwa daga fadamunmu suke, ana ba su ruwan gulbi, ana zuba masu takin dabbobi. A kasuwa mai kaya yana yayyafa masu ruwa daga bokiti ɗaya tun safe don kada su yi yaushi, masu saye kuma kowa ya zo ya latsa ya ajiye. Ba laifin kowa nake gani ba, haka sana'ar take. Abin nufi shi ne kada ƙyallin abu ya sa ki ɗauka mai tsabta ne.

A sayo kankana da abarba da gwanda ɗungurungum, ba yankakku ba. Wadda aka yanka aka rufe da farar leda ta wuni a rana, a bar ta ko da ta fi araha. Haka lemun da aka riga aka fere a tire. A guji mai rauni, mai tsagewa, da wanda ya fara ruɓa. Na san akwai al'adar cewa wanda ya lugwigwice ai na lemo ne, tunda markaɗa shi za a yi. Wannan kuskure ne. Idan ɗan tabo ne kaɗan, a yanke shi da ɗan faɗi a yar. Idan ya yi funfuna ko ya canza wari, na bola ne.

Sai batun kabayid, sinadarin nan na masu walda, da wasu ke turara mangwaro da ayaba da shi don su nuna da wuri. Hukumar NAFDAC ta hana yin haka, ta kuma sake jan kunne a 2023, saboda yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu guba. Irin waɗannan kayan za ki ga bayansu ya yi rawaya sumul launi ɗaya, amma ciki da sauran ɗanyantaka, ba ƙamshi, ba zaƙin kirki, wani lokaci har da ɗan farin gari a jiki. Dabara mafi sauƙi ita ce a ci kowane abu a lokacinsa. Mangwaro da bazara, goba wajen ƙarshen damina, karas da hunturu. A lokacin ya fi araha, kuma ba mai buƙatar tilasta masa nuna.

Ruwa shi ne uwa uba

Idan ba za ki riƙe komai daga wannan rubutu ba, ki riƙe wannan: ruwan da za ki wanke kayan da shi, da wanda za ki ƙara a lemon, dole ya zama ruwan da za ki iya ba jaririnki ya sha. Mata da yawa suna kula da ruwan sha, amma ruwan wanki sai su ɗebo kowane iri. To ai abin da aka wanke ɗin ba dafa shi za a yi ba.

A unguwanni da yawa na Gusau da jarkokin 'yan ga-ruwa aka dogara, a Tsafe da Bungudu da ƙauyukansu kuma ga rijiya ga burtsatse. Ko daga ina ya fito, ki ɗora shi a wuta ya tafasa sosai, yana ɓulɓula na tsawon minti ɗaya cur, ki rufe shi ya huce. Idan itace ko gawayi ya yi wuya, akwai maganin tsabtace ruwa irin WaterGuard da Aquatabs a kemis. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30 kafin a yi amfani da ruwan. Shi alif da muke kaɗawa a ruwa mai laka, aikinsa kwantar da laka ne kawai. Ruwan zai yi garau a ido, amma ƙwayoyin cutar suna nan, sai an tafasa ko an sa magani.

Wurin ajiya ma abin lura ne. Ruwan da kika sha wahalar tafasawa, idan kika juye shi a randar da yara ke tsoma moɗa da hannu har wuyan hannu, aikin ya koma baya. Ki ware masa jarka mai murfi wadda tsiyayowa ake yi.

Yanzu sai wankin. Ki fara da hannuwanki, da sabulu, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kamar daƙiƙa 20. Daga nan ki riƙa wanke kayan ɗaya bayan ɗaya, ana zubo ruwa daga buta mai tsabta da aka ware wa kicin, kina murzawa, ruwan yana zubewa. Tsoma komai a roba ɗaya a ɗauraye ba wanki ba ne, rabon datti ne: na farko ya bar ƙazantarsa, na ƙarshe ya kwashe.

Tambayar da aka fi yi mani ita ce, "Malama, kankana da abarba ai fere su za a yi, me ya kawo wanki?" Wuƙa ce amsar. Idan ta ratsa ɓawo, abin da ke bayan ɓawon take shigarwa cikin tsokar. A ƙasar Amurka a 2011, wani nau'in shammam mai kaushin ɓawo ya yaɗa listeriya, mutum 147 suka kamu, 33 suka mutu, mace ɗaya ta yi ɓari. Ƙasa ce mai famfo da firiji a kusan kowane gida. Saboda haka ki samu ɗan buroshi ko sabon soso na kayan marmari kaɗai, ki goge bayan kankana, abarba, lemu da gurji kafin wuƙa ta taɓa su.

Karas da bitirut a cikin ƙasa suke girma, sun fi kowa buƙatar kulawa. A goge ƙasar tas, a yanke kai da gindi, a kankare bayan, a sake ɗaurayewa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ɗan tafasa karas ɗin kafin markaɗe, ba zai rasa amfaninsa na bitamin A ba. Mangwaro da goba da tuffa a wanke, a fere, domin ferewa tana rage ragowar maganin feshi. A cire ƙwallayen lemu don kada su sa ɗaci, a tace 'ya'yan goba.

Ruwan gishiri da iyayenmu ke jiƙa ganye a ciki yana fitar da ƙananan ƙwari da tsutsa, ba laifi a yi, amma ba ya kashe taifod ko kwalara. Kada kuma a sa omo, sabulu ko bilic a kan abin da za a ci.

Ganye kuwa, ga ra'ayina ƙarara: mai ciki ta ci ganyenta a dafe. Alayyahu, zogale, ugu, rama, duk suna da amfani ƙwarai a miya da kwaɗo da fate. Amma murje ɗanyen ganye da hannu a tace a sha, kamar yadda ake yi da ugu da madara da sunan ƙarin jini, haɗarinsa ya fi ribarsa, domin lungunan ganye suna da wuyar wankuwa.

Kayan aiki

Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kansu, kada su taɓa kayan lemo sai an wanke su da sabulu da ruwan zafi. In da hali a ware na kayan marmari daban. Bilanda kuma ba ɗauraya kawai take so ba. Ki kwance gindinta, ki ciro wuƙar da robar nan zagayayya, za ki sha mamakin abin da ya taru a wurin. Ƙyallen tata a wanke shi, a tafasa, a shanya a rana. Wadda ba ta da bilanda ko ba wuta, magogi da rariya da hannu mai tsabta sun wadatar wa karas, kankana da lemu.

Mai kunun aya ta tsince tsakuwa, ta wanke ayar sau da yawa, ta jiƙa da ruwa mai tsabta, ta zubar da ruwan jiƙon. Dabino a ɓare kowane ɗaya a duba cikinsa. Idan dole sai an kai injin unguwa, a tafi da ruwan gida, a sa mai injin ya wanke shi tukuna. Mu mutanen Zamfara muna da wani dalilin na daban na lura da inji. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda daka da niƙan dutsen zinare a cikin gidaje. Dalma tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan ciki. Duk inji ko turmin da aka taɓa niƙa dutse da shi, kada abinci ya kusance shi.

Ƙarin jini, da maganar zaƙi

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin masu ciki 100 a Nijeriya, 61 suna da ƙarancin jini. Babu lemon da zai maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da muke ba ki. Jan launin zoɓo ko na bitirut ba jini ba ne. Amma ga inda lemo yake da rana: bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar. Saboda haka ki haɗiye ta da ruwan lemun zaƙi ko na goba, wadda ta ninka lemu kusan sau 4 a bitamin C. Garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono shi ma yana da shi sosai. Shayi da madara kuwa tare hanya suke yi, a ba da tazarar kamar awa 2 tsakaninsu da maganin. Kanwa da wasu ke jefawa don kashe tsamin zoɓo ko tsamiya tana lalata bitamin C, kuma ba ta dace da mai hawan jini ko kumburin ƙafa ba.

Shi kansa zoɓo, shawarata a rage shi ƙwarai ko a haƙura sai an sauka, musamman ga mai shan maganin hawan jini, don yana taɓa bugun jini. Ɗanyar gwanda mai farin ƙaro a bar ta, ƙaron yana iya sa mahaifa ta murɗa. Nunanniya ba ta da laifi. Abarba daidai misali ba ta zubar da ciki. Mai fama da ƙwannafi ta rage lemun tsami. Citta 'yar kaɗan tana rage tashin zuciyar farkon ciki.

Iyayenmu kan hana mai tsohon ciki shan abu mai zaƙi, wai zaƙi zai taru ya tare hanyar haihuwa, har a haɗa mata jiƙe-jiƙen maganin zaƙi. Abin nan mai yauƙi da ke fitowa gab da naƙuda, majina ce da ta toshe bakin mahaifa tun farkon ciki don kare ɗa, kowace mai ciki tana da ita, ba sukari ne ya tara ta ba. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba a bar su. Amma fa iyayen ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Yawan sukari yana da illa, musamman ga mai ciwon sukari na lokacin ciki: ɗa ya yi girma fiye da kima, haihuwa ta zo da gardama. Kofi ɗaya na ruwan lemu zaƙin lemu kusan uku ne a ciki, an kuma zubar da tukar da ke rage saurin shigar sukari cikin jini. Hukumar lafiya ta Ingila ta ƙayyade mililita 150 a rana, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku na ledar fiya wata ba. Kada a ƙara sukari, filebo ko kala. Wadda gwaji ya nuna sukarinta ya hau, ta bar lemo, ta ci ɗan itacen da kansa gwargwadon yadda likita ya tsara mata. Ga kowa ma ci ya fi sha, domin tukar nan ita ce maganin taurin bayan gida da ƙwayar ƙarin jini kan kawo.

A haɗa, a shanye

Ki yi daidai wanda za a sha nan take. Lemon da ba ya cikin firiji kada ya wuce awa 2, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Kin san daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau yakan kai 40. A firiji mai sanyi, cikin mazubi mai murfi, kwana ɗaya ne iyaka, kuma idan aka ɗauke wuta sama da awa 4 a zubar. Kunun aya ya fi kowane saurin juyawa. Da azumi, wanda za a yi buɗe-baki da shi a haɗa shi gab da magariba, ba tun azahar ba.

Ƙanƙarar saye ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayar taifod. Ki zuba lemon a gora mai tsabta ki toshe, ki sa gorar cikin kula, ki jera ƙanƙarar a gefenta. Tsintattun robobi da ake sake ɗurawa a ciki, a nisance su.

Idan Allah ya sauke ki lafiya, jariri nono zalla zai sha har wata 6. Lemo sai ya cika shekara, a kofi ba a fida ba. Zuma ma sai bayan shekara ɗaya.

Maigida, kai ke zuwa kasuwa, saboda haka rabin aikin nan a hannunka yake. Gara ka sayo kaɗan mai kyau ɗungurungum da ka ciko leda da yankakku, kuma ka haɗo da sabulu da gawayin tafasa ruwa. Idan matarka ta fara gudawa, a kaɗa ledar ORS ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ta riƙa kurɓa, a dakatar da lemo mai zaƙi don yana ƙara gudawar. Idan kuwa gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko amai ya hana ta riƙe ruwa, ko ga zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, ko mara tana murɗawa, ko motsin ɗa ya ragu, to kada a jira gari ya waye, kada a tsaya kemis. A kawo ta asibiti mafi kusa, tana shan ruwan ORS ɗin a hanya, a kuma taho da katinta na awo.